Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Ba Da Kuɗin Binciken Lafiya Da Masu Amincewa Da Gwajin Magunguna

Zuwa ga cibiyoyin da ke ɗaukar nauyin binciken lafiya, da hukumomin kula da magunguna na ƙasashe, da shugabannin kwamitocin ɗa'a.

Masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mun rubuto muku ne game da yadda ake gwada magunguna da alluran rigakafi a jikin mutane, musamman a ƙasashen da cuta ta yi yawa, kuɗi kuma ya yi kaɗan. A watan Mayun 2022 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin WHA75.8 yana neman a gyara wannan fanni. A Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta kan gudanar da gwaji, a Oktoban shekarar aka sabunta Sanarwar Helsinki kan ɗa'ar bincike a jikin mutane, a Janairun 2025 kuma aka kammala sabon kundin ƙa'idojin gwaji na ICH, majalisar duniya mai daidaita ƙa'idojin magunguna, mai suna E6(R3). Takardu dai sun wadata. Saura aiki, kuma aikin yana hannunku, domin ku ne ke rubuta sharuɗɗan tallafi, ku ne ke sa hannu kafin a ɗauki mara lafiya na farko.

Maganarmu guda ce. Abubuwan da ke kare mai shiga gwaji, su kuma ba da amsar da likita zai dogara da ita, 'yan kaɗan ne, amma a yanzu lokaci da kuɗi suna ƙarewa ne wajen wasu abubuwan daban. Muna roƙon ku karkato da su zuwa inda suke da amfani.

Mu fara da yawan mutane, don nan ne aka fi yin asara. A ce wata cuta tana kashe mutum 10 cikin kowane 100 da aka kwantar, ana kuma fatan sabon magani ya mayar da su 8. Ragi ne babba: cikin marasa lafiya miliyan guda, rai dubu 20 ke nan. Sai dai kafin gwaji ya nuna wannan bambanci da tabbaci, lissafin da aka saba yana buƙatar mutum kusan 3,200 a kowane ɓangare, na masu karɓar sabon magani da na waɗanda ake kwatanta su da su, wato 6,400 gaba ɗaya, kuma duk da haka akwai yiwuwar ɗaya cikin biyar a kuskure shi. In ana son rage yiwuwar kuskuren zuwa ɗaya cikin goma, sai an kai wajen 8,600. Gwajin mutum 200 abin da zai gani shi ne mutuwa 10 a nan, 8 a can, kuma ba wanda zai iya cewa magani ne ya yi aiki ko dace ne. An ɗebi jinin mutum 200, an sa sun yi ta zirga-zirga, an tashi ba amsa. Mu a ganinmu wannan matsalar ɗa'a ce, kuma ya kamata kwamitocin ɗa'a su riƙa kallonta haka.

Lokacin korona an ga ɓangarorin biyu. An yi ta ƙananan gwaje-gwaje barkatai a kan magani guda, kowace cibiya da nata, galibinsu ba su kai ga komai ba. A gefe guda gwajin RECOVERY na Birtaniya ya ɗauki mutum na farko a watan Maris na 2020, kuma a tsakiyar Yuni ya sanar da cewa maganin deksametason, miligiram 6 a rana har zuwa kwana 10, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi, da kashi ɗaya bisa biyar ga masu shaƙar oksijin. Mutum sama da 6,400 aka kwatanta. Kada a ce sai ƙasa mai arziki ke iya haka. Gwajin AQUAMAT ya ɗauki yara 5,425 masu tsananin zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen Afirka tara, ya nuna a 2010 cewa allurar atesunet ta fi kwinin ceton rai. Gwajin WOMAN ya ɗauki mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna a 2017 cewa giram ɗaya na maganin traneksamik ta jijiya yana rage mutuwa daga zubar jini bayan haihuwa, musamman in an ba da shi cikin awa uku. Duka an yi su ne a asibitocin da marasa lafiya ke zuwa yau da kullum, da ma'aikatan da ke bakin aiki.

Saboda haka, ga masu ba da kuɗi: kafin ku amince da sabon gwaji, ku nemi mai nema ya nuna abin da gwaje-gwajen baya suka gano a dunƙule, da jerin waɗanda ke gudana yanzu a rajistocin duniya kan tambayar. In akwai babban gwaji da ke kan aiki, ku ba shi kuɗin ya shigar da asibitinsa ciki. Mun san hakan ba zai yi wa jami'o'i daɗi ba, tunda kowa yana son sunansa a gaba. Ku ne za ku iya sauya wannan, in kuka fara ƙirga shiga babban gwaji a matsayin nasara wajen ba da tallafi na gaba.

Babban gwaji kuwa ba ya yiwuwa sai da sauƙi. Ma'aikaciyar jinya mai gadaje 30 da daddare ba za ta cike fom mai shafi 40 ba, in kuma ta cike, rabinsa cikon gurbi ne. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne a bi tambayoyin fom ɗaya bayan ɗaya, a ce: a wane jadawali na rahoton ƙarshe wannan za ta fito? Wadda ba ta da wuri a cire ta. Shafi ɗaya a ranar shiga, shafi ɗaya a ranar sallama ko rasuwa ko cikar kwana 28, ya wadatar ga yawancin gwaje-gwajen magungunan da aka riga aka san halinsu. Sabon magani da ba a taɓa ba mutane da yawa ba, shi kam yana buƙatar bibiya mai zurfi, kuma ba ma neman a sassauta masa.

Haka batun masu sa ido. Al'adar da aka gada ita ce a turo mutum daga nesa ya zauna kwana uku yana kwatanta kowace lamba da ke cikin kwamfuta da wadda ke cikin fayil ɗin mara lafiya. Wannan yana cin babban kaso na kasafi, abin da yake kamowa kuwa yawanci kuskuren rubutu ne da ya bazu daidai a ɓangarorin biyu, wanda da wuya ya sauya sakamako. Abin da ke rusa gwaji daban ne, kuma an fi ganinsa daga tsakiya in ana duba bayanan dukkan cibiyoyi tare: cibiyar da awon hawan jininta kullum ke ƙarewa da sifiri, wadda ba ta taɓa kawo rahoton illa ko ɗaya ba, wadda ta ɗauki mutum 15 a ranar hutu, ko wadda mutanen ɓangare guda suka fi ɓacewa daga bibiya. Can ya kamata a tura mai sa ido. Sabon kundin ICH ya yarda da wannan tsari na auna sa ido daidai da haɗari. Abin da ke hana masu ɗaukar nauyi bin sa shi ne tsoron sufeton hukuma. Muddin sufeto zai rubuta laifi saboda an manta kwanan wata a gefen gyara, ba wanda zai rage komai. Hukumomi, ku sake horar da sufetocinku, ku kuma rubuta a fili abin da za ku duba da abin da ba za ku duba ba.

Daga cikin abubuwan da ya wajaba a duba, na farko shi ne ɓoye rabon ƙuri'a, wato yadda ake raba marasa lafiya zuwa ɓangarorin gwaji. Duk darajar gwaji ta rataya ne kan cewa mai ɗaukar mara lafiya bai san ɓangaren da zai faɗa ba sai bayan an rubuta sunansa. A inda ake amfani da ambulan, ga yadda abin ke lalacewa. Ambulan mai shara-shara ana ɗaga shi a hasken taga a karanta. Wani yana buɗe uku a lokaci guda ya zaɓi wanda zai ba wa. In kuma an tsara rabon a rukunin huɗu-huɗu, kuma ana ganin maganin da aka bayar, duk wanda ya ƙirga ukun farko ya san na huɗu. Galibi ba mugunta ke kawo haka ba. Likita ne ya ga yaro ya galabaita, yana son ya samu maganin da shi ya yi imani da shi. Sakamakon dai ɗaya ne: masu tsananin ciwo sun taru a ɓangare guda, kwatancen ya tashi a banza. Maganin abin shi ne a yi rabon daga tsakiya, ta waya ko intanet, bayan an shigar da bayanan mara lafiya. Inda babu layi mai ƙarfi, a yi amfani da ambulan mai kauri mai lamba a jere, da takardar kabon a ciki, a rubuta sunan mara lafiya da lokaci a bayansa kafin a yage, a kuma gauraya girman rukunin. Mafi kyau duka shi ne kwalaye masu lamba da ba a bambance na magani da na maganin wofi, wanda ba shi da sinadarin magani. Wannan ba ya cin kuɗi sosai, amma sau da yawa layi biyu kawai ake ba shi a kundin tsarin gwaji, kwamiti kuma ya wuce bai tambaya ba.

Na biyu shi ne kwamitin masana mai zaman kansa da ke leƙa sakamako a asirce lokaci-lokaci. Gwajin FEAST, wanda aka yi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000, misali ne da ya isa. Kusan kowa ya ɗauka cewa ɗura wa yaro mai tsananin zazzaɓi ruwa da sauri ta jijiya yana ceton rai. Likitocin da ke bakin gado ma suna ganin yaran suna farfaɗowa. Kwamitin ne ya ga alƙaluma ya tsayar da gwajin a 2011, domin cikin awa 48 mutuwa ta haura kashi 10 cikin ɗari ga waɗanda aka ɗura wa, alhali ta tsaya kusa da kashi 7 ga waɗanda ba a ɗura wa ba. Ku tabbatar kowane irin wannan kwamiti yana da masanin ƙididdiga da ba ya cikin tawagar gwajin, da likitan da ya san asibitocin da ake aikin, da takardar da ta fayyace tun farko yaushe za a zauna da kuma wane mizani zai sa a tsaya.

Sai neman amincewa. Takardar amincewa ta zama takardar lauyoyi: shafi 15 ko 20, an rubuta ta don kare mai ɗaukar nauyi, aka fassara ta kalma da kalma. Uwar da ɗanta ke suma ba za ta karanta ba, za ta dangwala ne kawai. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda aka sa yara kusan 200 a gwajin maganin Trovan, har yau ana kawo shi a darussan ɗa'ar bincike a duniya. Taƙaddamar da ta kai kotu, aka sasanta a 2009, ta ta'allaƙa ne kan ko iyaye sun san gwaji ake yi. Rashin yardar da ya biyo baya ya daɗe fiye da gwajin nesa ba kusa ba.

Abin da mutum ke buƙatar ganewa bai wuce biyar ba: cewa bincike ne, ba a san wanne ya fi ba, cewa ƙuri'a ce za ta zaɓa masa, ba likita ba, irin illar da ka iya faruwa da wanda zai biya kuɗin jinyarta, cewa in ya ƙi, za a duba shi kamar kowa, cewa yana iya fita duk ranar da ya so. A sa waɗannan a shafin farko cikin gajerun jimloli. A ba wani mai fassara daban, wanda bai ga asalin ba, ya mayar da fassarar zuwa harshen farko don a ga inda ma'ana ta zame. A gwada ta kan mutum goma irin waɗanda za a ɗauka. Bayan bayani kada a tambayi mutum “ka gane?”, don kunya za ta sa ya ce i. A ce masa ya faɗa da bakinsa yadda zai bayyana wa iyalinsa abin in ya koma gida. Ga wanda ba ya karatu, shaidan da zai zauna ya kasance ba ma'aikacin gwajin ba ne. Inda hali ya yi, kada likitan da ke jinyar mutum ya zama shi ne mai neman amincewarsa, domin da wuya mara lafiya ya ce wa mai duba shi a'a. A yanayin gaggawa kuma, kwamiti ya amince tun farko da gajeren bayani na baki, a cika sauran in hankali ya kwanta.

Akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba: wa ake hanawa shiga. Kundin tsarin gwaji yakan zo da ma'aunin awon jini da aka ɗauko daga wata al'umma. Misali, a ce duk wanda fararen ƙwayoyin jininsa irin nitirofil suka gaza 1,500 a kowace maikirolita ba zai shiga ba. Amma mutane da yawa 'yan asalin Afirka, masu nau'in jinin da ba shi da alamar Duffy, lafiyarsu ƙalau suke da adadin da ke ƙasa da haka. Sai a kori lafiyayyu, ko kuma a rubuta wa magani illar da ba shi ya jawo ba. Kafin a fara, a auna lafiyayyun mutanen wurin a fitar da ma'aunin da ya dace da su, kuma kuɗin wannan ya shiga kasafi.

Mata masu ciki su ne aka fi zalunta ta wannan hanya. Ana cire su don a kare su, sannan in magani ya shiga kasuwa su sha shi ba tare da wani bayani ba. A 2018 wani nazari a Botswana ya nuna alamar cewa maganin ƙanjamau dolutegravir na iya jawo naƙasar laka ga jarirai. Ƙasashe da dama suka hana shi ga matan da ke shekarun haihuwa. Da bayanai suka ƙaru, alamar ta dusashe, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba kowa. A tsakanin nan mata da yawa sun zauna kan maganin da bai kai shi ba. Muna roƙon kwamitoci su juya tambayar: duk mai son cire masu ciki, ko masu shayarwa, ko yara, ko tsofaffi, shi ne zai kawo hujja a rubuce.

Game da jinkirin amincewa, matsalar jeri ce. Kwamitin jami'a ya gama, sannan na ƙasa ya fara, sannan hukumar magunguna, sannan izinin shigo da magani, sannan yarjejeniyar fitar da samfurin jini. In ɗaya ya nemi gyara, sai a koma farko. Gwaji a ƙasashe biyar yana iya cinye shekara kafin a ga mara lafiya guda, maganin gwajin kuma yana ajiye wa'adinsa na ƙaratowa. Dandalin AVAREF na hukumomin magunguna da kwamitocin ɗa'a na Afirka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2006, ya nuna cewa hukumomi da kwamitocin ƙasashe da dama za su iya zama tare su duba takarda guda, su aika tambayoyi a dunƙule, kowace ƙasa kuma ta riƙe ikon yanke hukuncinta. A mayar da wannan ya zama hanyar yau da kullum. A karɓi takardu a lokaci guda, a sa wa'adi da kwanaki, a dakatar da ƙirga kawai lokacin da ake jiran amsar mai nema, kowace hukuma kuma ta buga a ƙarshen shekara kwana nawa ta ɗauka. Sai dai kwamitin da ba shi da sakatare na dindindin, mambobinsa kuma aikin sa kai suke yi bayan tashi daga aiki, ba zai cika wa'adi ba. A ba shi kasafi daga gwamnati ko daga asusun haɗin gwiwa, don kada rayuwarsa ta dogara da kuɗin masu neman amincewarsa.

A lokacin annoba wannan jinkirin yana nufin ba za a samu amsa ba sam. A annobar Ebola ta Afirka ta Yamma, gwajin maganin ZMapp ya nemi mutum 200, ya samu 72 kawai, saboda cutar ta lafa kafin a shirya. A Yuganda a 2022, alluran gwajin rigakafin Ebola nau'in Sudan sun iso bayan kwana 79 da ayyana annobar, annoba na dab da ƙarewa. Da cutar ta dawo a farkon 2025, an fara gwajin cikin kwana huɗu, domin an riga an amince da kundin, an horar da ma'aikata, alluran kuma suna ajiye a ƙasar. Irin wannan shiri ake buƙata ga zazzaɓin Lassa da Marburg da sauran cututtukan da aka san za su dawo.

Shirin kuwa mutane ne ke riƙe shi. Tallafi yana ƙarewa, mai kula da bayanai da mai harhaɗa magunguna da ma'aikatan bibiya su watse, firjin da ke riƙe samfuri a digiri 80 ƙasa da sifiri ya tsaya saboda ba kuɗin mai ko gyara. Bayan shekara biyu wani tallafin ya zo a sake horar da sababbi daga farko. Ku ware kuɗin riƙe ƙaramar tawaga ta dindindin a cibiyoyin da suka nuna ƙwazo, ku biya ainihin kuɗin wuta da gyaran na'urori da inshorar mahalarta, ku kuma daina jira sai cibiyoyi sun kashe kuɗinsu kafin ku biya su, don cibiyar da ba ta da ajiya ba za ta iya ba ku bashin wata shida ba. Tambayar binciken ma a zauna da ma'aikatar lafiya da likitocin ƙasar tun kafin a rubuta ta, bayanan kuma su kasance a hannun masu binciken wurin tare da horon da za su iya nazarinsu da kansu.

Saura abin da ke biyo bayan gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take: a yi rajistar gwaji kafin a ɗauki mutum na farko, a sa taƙaitaccen sakamako a rajistar cikin wata 12 da kammalawa, a buga cikakken rahoto cikin wata 24. Manyan masu ba da kuɗi da dama sun sa hannu kan wannan a 2017. Duk da haka gwajin da bai ba da sakamakon da ake so ba yakan kwanta a aljihun tebur, wasu su sake maimaita shi kan wasu mutanen. Ku riƙe kason ƙarshe na tallafi har sai sakamako ya bayyana a rajista, kuma kada kwamiti ya karɓi sabuwar takarda daga mai binciken da ke da tsohon gwaji da bai fitar ba. A koma wurin mahalarta a gaya musu abin da aka gano cikin harshensu, da ɓangaren da kowa ya faɗa. In kuma magani ya yi aiki, Sanarwar Helsinki ta ce a tanadi yadda masu buƙatarsa daga cikin mahalarta za su ci gaba da samu. Muna roƙon wannan tanadi ya shiga yarjejeniya tun ranar farko, da sunan wanda zai biya, da tsawon lokacin, da alƙawarin cewa za a nemi rajistar maganin a ƙasar da aka gwada shi.

Wassalam.

Daga wasu likitoci, masana ƙididdiga da ma'aikatan gudanar da gwajin magunguna.